Ranar da Lasifikar Chipiliro Ta Mutu

Nambewe ta rantse yau ko ana ha-maza-ha-mata sai mijinta ya je kallon muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa. Ba siyasar ce ta dame ta ba. 'Yarsu Tadala ce za ta fito a kusurwar talabijin tana fassara wa kurame da hannu, uban kuwa ya ɗauke mata wuta tun ranar da ta bar makarantar jinya ta kama wannan aiki.

Mijin nata, Bambo Kachingwe, kurma ne tun haihuwa, gyaran kwale-kwale yake a bakin tafki. Ya sha dariyar mutane har ya saba cusa hannaye aljihu in ya shiga kasuwa. A ganinsa ya wahala ya karantar da yarinya don ta tsira daga abin da ya sha, sai ga ta za ta tsaya gaban ƙasa duka tana wasa da yatsu. Fushin kurma kuwa ba dama, kana fara magana ya rufe ido, shi ke nan an gama. Ko kiran bidiyo Tadala ta yi, kifa wayar yake. Abin nan yana cin Nambewe a rai ƙwarai.

Da rana ta faɗi ta tsaya gabansa ta yi masa magana da hannu: "Ka san idona ba ya gani sosai. In na faɗa rami, kai za ka riƙa tuƙa tuwon nsima." Ya harare ta, ya ɗauki hularsa.

Rumfar Chipiliro, inda ake kallon ƙwallo, ta cika maƙil. Magoya bayan dogon ɗan takara sun tare dama, na mai furfura suna hagu, kowa da warin kifinsa.

"Amayi, Bambo ma sauraro ya zo?" in ji Chipiliro, don a garin Amayi ake ce wa uwargida, Bambo kuma maigida. Aka kwashe da dariya.

"Ya zo ya ga ko talabijin ɗinka ta fi bakinka amfani," ta ce, ta ja mijinta bencin gaba.

Aka fara. Tadala ta bayyana a kusurwa cikin baƙar riga, amma Nambewe dishi-dishi take hango ta. Kachingwe kuwa ƙasa ya zuba wa ido kamar wanda ya yar da allura.

Ana zuwa tambayar takin zamani, wadda kowa ya baro gida dominta, sai lasifika ta yi ƙara ta ɗauke ɗif. Hoto na nan, baki na motsi, ba sauti. Chipiliro ya buga, ya hura, ya ja waya, a banza.

"An saye ka!" wani masunci ya yi ihu daga dama. "Namu zai yi magana ka kashe!"

"Ku dai kuka tsinke wayar, don kun san ba shi da ta cewa!"

Har an fara ɗaga benci, sai aka ji wata irin dariya, mai ƙarfi, ba tsari, ta mutumin da bai taɓa jin muryarsa ba. Ashe tun ɗazu Kachingwe yana satar kallon kusurwar nan.

"Me ya ba shi dariya?" wata tsohuwa ta tambaya.

Nambewe ta taɓa shi. Ya amsa mata a ɓoye, hannu daidai gwiwa. Ta miƙe ta ce, "Wai dogon ya ce taki zai yi arha har kaji su yi birgima a ciki. Mai furfura ya ce haka ya faɗa wancan zaɓen, kajin har yau suna jira."

Rumfa ta kaure. Hagu na shewa, dama na cewa, "To me namu ya mayar? Amayi, faɗa mana!"

"Ni ba na ganin hannun yarinyar. Shi ke gani."

Sai kowa ya juyo. Chipiliro da kansa ya durƙusa, ya tafa hannu irin na roƙon babba. Kachingwe ya dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya yana neman mai yi masa dariya, bai samu ba. Ya tashi tsaye, ya naɗe hannun riga.

Haka aka ƙarasa muhawarar. 'Ya ta faɗa daga birni, uba ya ɗauka ya faɗaɗa, uwa ta sa murya. Har kumburin kumatun mai furfura sai da ya kwaikwaya, 'yan hagu ma suka yi dariyar nasu. In ya tsaya goge gumi, sai a ji, "Haba Bambo, kar ka bar mu a duhu!"

Da aka tashi, gardamar wanda ya yi nasara ta dawo sabuwa, amma ba wanda ya sake taɓa benci. Kachingwe ya nuna kusurwar talabijin, ya bugi ƙirji.

"Me ya ce?" in ji Chipiliro.

Nambewe ta ɗaga murya. "Ya ce 'yarsa ce."

Suna isa ƙofar gida ya miƙo hannu a ba shi waya. Tadala ta ɗauka, tana ganin fuskarsa sai ta daskare. Ya jingina wayar a kan turmi, ya buɗe ido sosai, ya ɗaga hannu biyu.

"Kin cika sauri, kin gajiyar da tsoho. Kin ci abinci?"