Tabon Girar Hagu

'Yar Tambaya ake ce mata a gida tun tana ƙarama, domin ba a taɓa aikenta ta tafi ba sai ta fara cewa "me ya sa?" Ta girma sunan bai sake ta ba. Ta fara karatun jinya ta bari. Ta fara koyon ɗinki ta bari. Ta zauna a wani kantin littattafai har ta kusa karance kayan mai kantin, shi ma ta bari.

"Ni dai ban san abin da kike nema a duniyar nan ba," in ji Mamarta.

Ita ma ba ta sani ba, kuma wannan ne ya fi cin ranta.

Shagon hoton Kawunta ne masaukinta na baya-bayan nan. Ɗaki ne dogo, da shuɗin labule a bango, da fitilu masu kama da lema, da kujera mai juyawa wadda ke kuka duk lokacin da aka zauna mata. A can ƙurya teburinta yake, da kwamfuta. Aikinta gyaran fuska. Ranar da ta fara Kawu ya gindaya mata doka.

"Ba wanda ke shigowa nan don ya ga abin da madubinsa ke nuna masa kullum. Ƙurji, goge. Tabo, goge. Fata, haska ta. In gira ɗaya ta fi ɗaya tsawo, daidaita su."

Hannunta ya saba har ya riga idonta. Takan gama fuska sumul ba ta ma lura ko mai ita na murmushi ba. A ranta ta riga ta yanke cewa ƙarshen wata za ta ajiye wannan aikin ma, abin da ya rage kawai ta nemo bakin da za ta gaya wa Kawu.

Ana cikin haka wata safiya wani tsoho ya yi sallama. Sanda a hannu, tabarau mai kauri a fuska, yana juya kai gefe kamar mai leƙen wani abu ta kafar ƙofa. Ya ce shi tsohon direban bas ne. Ya warware hankici a kan teburinta, sai ga ɗan ƙaramin hoto, bai kai tafin hannu ba. Wata matashiya ce da ɗankwali. Takardar ta yi ja, duk ta karce, ga kuma layin ninki ya taso daga goshi ya ratsa girar hagu ya sauka a kumatu.

"Matata ce, Allah Ya ji ƙanta. Shi kaɗai ne hotonta, ba ta son tsayawa gaban kyamara. So nake ki mayar min da shi babba, jikata. Babba sosai."

"Amin, Baba. Me ya sa sai babba sosai?"

"Ke!" Kawu ya daka mata tsawa daga bayan labule. "Kin fara ko?"

Tsohon ya yi dariya. "Bar ta, ai tambaya ba laifi ba ce. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Wannan ƙaramin ya riga ya ɓace min. Ina son in ƙara ganinta tun da sauran haske."

Ba ta taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Ta kwafe hoton cikin kwamfuta, ta bi karce ɗaya bayan ɗaya tana sharewa. Ta cike layin ninkin, ta haɗa gashin girar da ya yanke, ta sauke ta ta yi daidai da 'yar uwarta, ta haska fatar. Kawu da kansa ya wanke shi a babbar takarda, ya sa a firam, ya ja da baya yana jinjina kai.

"Ashe kina da amfani."

Da tsohon ya dawo, ya karɓi firam ɗin ya kai bakin ƙofa inda rana take. Ya matso da shi har gilashin ya kusa taɓa hancinsa. Ya juya kai hagu, ya juya dama. Ya daɗe.

"Masha Allah, kyakkyawa ce," ya ce. "'Yar wane gida ce?"

Kawu ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba Baba, matarka ce mana!"

"Matata ba ta kai wannan kyau ba." Ya sauke firam ɗin. "Kuma ta fi ta."

Ya jingina firam ɗin a bango a hankali, ya laluba sandarsa.

"Kada ku damu, ba laifinku ba ne. Idon ne. Na makara ke nan."

Ya fita, har ya manta da ƙaramin hoton a kan teburi.

Kalmar nan "na makara" ta tsaya wa 'Yar Tambaya a rai. Ta buɗe tsohon hoton da sabon a kan allo, gefe da gefe. Hanci ɗaya, baki ɗaya, ido ɗaya. To me ya ɓace? Ta yi ta ƙara girman tsohon har fuskar ta zama ɗigo-ɗigo, ta bi layin ninkin daga sama. A goshi siriri ne kamar zare. A kumatu ma haka. Amma a kan girar, inda gashi ya yanke, gibin ya fi layin faɗi. Ninkin takarda ba ya cin gashi ta gefe da gefe.



"Kawu, zo ka gani. Wannan ba na takarda ba ne. Nata ne."

Kawu ya leƙo, ya taɓe baki. "To tabo ne, an goge. Ai aikinmu ke nan. Wace mace ce ke son a rataye ta a bango da tabo?"

"Ba ita ta kawo hoton ba ai."



Matsalar ita ce ninkin ya bi ta kan tabon ya cinye shi. Ba ta san tsawonsa ba, ba ta san inda ya karkata ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya sani. Da yamma ta saka ƙaramar kwamfutar shagon a jaka ta nufi tashar mota. Direban farko da ta tambaya ya nuna mata lungu da baki, ya ce gida mai koren ƙofa.

Ta same shi a ɗakinsa, ya ja kujera jikin taga. Rediyo a kashe a kan akwati, kwalaben maganin ido a jere a kan kanta, keken ɗinki a ƙurya an lulluɓe shi da zane, ba ƙura ko kaɗan a kansa. Suka gaisa, ta durƙusa ta miƙa masa ƙaramin hoton.

"Baba, idonka gaskiya ya gaya maka. Ni ce na goge wani abu. Tana da tabo a girar hagu?"

Tsohon ya karɓi hoton. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ta zaci kuka yake, ashe dariya ce.

"Tabo? Ai ni na yi mata shi!"

"Kai, Baba! Ta yaya?"

"Zauna, 'yar jarida. Ina saurayi a lokacin, sabon direba, ina jin hanya ta ubana ce. Wani mai keke ya faɗo min, na taka birki da ƙarfin tsiya. Tana kujerar bayana, goshinta ya daki ƙarfen kujera. Jini har wuyan riga. Na juya bas da fasinja da komai na nufi asibiti. Kin san ba ta yi kuka ba? Faɗa take min. Wa ya koya maka tuƙi? Wa ya ba ka lasisi? Idonka a ƙeya yake? Har ana ɗinke ta ba ta yi shiru ba."

"Sai ka ji kana sonta?"

"Sai na ji tsoronta. Son daga baya ya zo. Na je dubiya, na koma dubiya, har ciwo ya warke ina zuwa dubiya. Babanta ya ce, yaro, ko dai ka fito a mutum ko ka bar mana ƙofar gida."

Ta buɗe kwamfutar a cinyarta. Allon bai yi masa amfani ba, haske kawai yake gani. Sai ya cire tabarau, ya ɗora yatsa a kan girarsa, ya ja shi a hankali, daga sama ya karkato wajen kunne, ya ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Ta ce ya sake. Ya sake. Yatsan bai kauce ko kaɗan ba.

"Gashi bai ƙara fitowa a wurin ba. Kuma ɗinkin ya ɗage girar sama, sai ta zama kullum kamar tana tambayarka wani abu. Ko shiru ta yi, sai ka ji kana neman amsa."

'Yar Tambaya ta mayar da girar sama inda ta same ta. Ta zana tabon yadda yatsansa ya nuna, ta mayar wa fatar launinta. Tana yi tana tambaya, yana ba ta amsa: wane gefen baki ne ke fara murmushi, me take yi in ta yi fushi, wa ya lallashe ta har ta tsaya aka ɗauki hoton. Rana ta sauka daga taga zuwa ƙafar keken ɗinki ba ta sani ba. Duk wuraren da ta zauna a baya, agogo take kallo. Yau kuwa kiran sallah ne ya tuna mata akwai lokaci. A hanyar gida ta riƙa kallon fuskokin mutane kamar yau aka halicce su: mai shagon taya da tsagaggen leɓe, wata mata da ɗigon baƙi a ƙasan ido. Kowanne da yadda aka yi ya samu nasa, kuma watanni tana sharewa ba ta taɓa tambaya ba. Ta ji kunya, ta kuma ji wani sanyi a ƙirji wanda ta daɗe tana roƙon Allah ba ta san sunansa ba.

Washegari Kawu ya wanke sabon yana gunaguni a kan takardar da aka ɓata, amma shi ya ɗauko firam ɗin ya raka ta har koren ƙofa.

Tsohon ya kai shi jikin taga. Ya matso da shi, ya juya kai gefe, ya nemo ɗan wurin da idonsa ke gani. Yatsansa ya hau gilashin, ya tsaya cak a kan girar hagu.

"Ga ta nan," ya ce. "Ku dube ta. Yanzu za ta ce wa ya ba ni lasisi."

Kawu ya juya baya, wai wani abu ya faɗa masa a ido.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, 'Yar Tambaya ba ta tuna da shi ba sai da Mamarta ta ce, "Shiru nake ji, ba a bar wannan ɗin ba tukuna?" Ranar tana sauri ne, domin wata mata na jiran ta a shago da hoton mahaifinta wanda ruwa ya taɓa. Ta jawo mata kujera mai kuka, ta ajiye hoton a tsakaninsu, ba ta ko kunna kwamfuta ba.

"Anti, kafin in taɓa komai, nuna min. Wanne ne na takarda, wanne ne nasa?"

"Za a kwana yau," in ji Kawu daga bayan labule. Amma ya rage ƙarar rediyo don shi ma ya ji.