Hancin Zubaidatu

Korona ta bar Datti da ransa, amma ta yi awon gaba da hancinsa. Ko daddawa aka kai masa sai ya ce bai ji komai ba. Ga shi yana neman ƙaramar a-kori-kura ta hannu, don kai wa ɗalibai gari da manja a unguwar Taman Melati, can ƙasar Malaya, daidai lokacin da motocin da ambaliya ta shanye suka cika kasuwa, an wanke su tas. Irin waɗannan, wari kaɗai ke tona musu asiri. Shi ya sa duk inda za shi sai da matarsa Zubaidatu.

Mai kujera biyu yake so, ta fi araha. "Ai mu biyu ne," yakan ce. Maganar tana sosa mata rai, don sun daɗe da aure ba haihuwa. Shi ma haka, dauriya ce kawai.

A unguwar Titiwangsa suka sami wata fara, ta wata dattijuwa Bamalaya. Datti ya daki tayoyi, ya leƙa ƙasa neman tsatsa, ya tayar da inji ya ji lafiya lau. Ga shi ba ta shan mai. Har ya fara jera buhuna a zuciyarsa.

"Saura ke, Hajiya. Bismillah."

Zubaidatu ta sauke takunkumi, ta zura kai ciki. Nan take ta fito da gudu, ta durƙusa bakin kwata tana amai.

Datti ya dafe kai. "Shi ke nan, flood car ce, ta sha ambaliya!"

"Ba laka ba ce," ta ce tana haki. "Wancan ganyen ne."

Damin pandan ne a gaban mota, wanda ake ajiyewa don ƙamshi. Pandan ɗin da Zubaidatu ke sawa har a shinkafa!

Dattijuwar ta miƙa mata ruwa, ta yi mata wata tambaya a kunne. Zubaidatu ta rufe fuska da mayafi. Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya.

"Boss, motata lafiyarta ƙalau. Amma ba zan sayar maka ba, lah. Kujera biyu ta yi muku kaɗan."

Datti dai ba mai saurin ganewa ba ne. Ya dubi mota, ya dubi matarsa, ya sake duban mota. Sai ga hawaye suna jiƙa masa takunkumi.

"Mak cik," ya ce da dattijuwar, wato inna da yarensu, "ina ake samun mai ƙofa huɗu?"