Layi Goma Sha Huɗu

Uzairu bai sami jana'izar mahaifinsa ba, alhali daga Rano zuwa Kahu tafiyar babur ce kawai.

A Rano yake zaune, yana rubuta manhaja wa wani kamfani na Legas daga ɗakinsa. Aikin yana son natsuwa, shi kuwa mahaifin nasa, Malam Habibullahi, tun da ya koyi tura saƙo a waya, ba ya barin hantsi ya wuce bai rubuto ba: an yi ruwa, dawa ta fito, ka ci abinci? Sai Uzairu ya rubuta ɗan umarnin kwamfuta, layi goma sha huɗu, wanda ke karɓar saƙon tsohon ba tare da wayar ta yi ƙara ba, ya adana shi a fayil, ya mayar da amsa nan take. Niyyarsa ya riƙa karantawa kowace Juma'a. Har ya raba dabarar ga abokan aikinsa, suka yaba. Wata huɗu bai buɗe fayil ɗin ba.

Sai da wani ɗan'uwa ya kira shi sannan ya ji rasuwar. Da ya iso bayan azahar an riga an dawo daga maƙabarta. Yayarsa Ramlat ta ja shi bayan rumbu, ta miƙa masa wayar marigayin.

"Karanta. Da ita na sanar da kai tun da safe, tawa ba caji."

Saƙonta yana nan: Allah ya yi wa Baba rasuwa. A ƙarƙashinsa, cikin minti ɗayan, ga amsa: Madalla, Baba, na gode. Allah ya ƙara lafiya.

"Mutane suna tambayata ina kake. Na ce ba ka ga saƙo ba. Ƙarya na yi musu, Uzairu?"

Zai iya ɗora wa waya laifi, kuma da ta yarda, don ba ta san kan waɗannan abubuwa ba.

"Ban gani ba, Yaya. Na'ura na sa take amsa masa. Tun kafin azumi."

"Shi ya sa ya daina nuna wa baƙi amsoshinka," ta ce, ta koma wurin mata.

Ya zauna a inuwar rumbun ya buɗe fayil ɗin. Saƙo ɗari da tara. Maganar tarin da ke damun tsohon ta fara a na sittin. A na ƙarshen da ya turo da kansa, ranar Litinin, ya rubuta: Amsarka ta cika sauri, kai kuwa tun kana yaro sai an kira ka sau uku. Ko wane ne ke amsawa, ya gaya wa Uzairu ina son ganinsa.

Ya kashe umarnin. Sannan ya koma kan saƙo na farko, ya fara amsawa da yatsunsa. Wayar mahaifinsa tana kan cinyarsa, tana ƙara duk lokacin da ya tura.