Wanda Ya Cinye Kifin Alhaji

Kifin farko da ya ɓace wani ɗan shuɗi ne mai wutsiya ruwan ɗorawa, kuma Alhaji Abdulbaƙi bai ko wahalar da kansa da bincike ba. Ya leƙa tankin gilashin, ya juyo ya ƙare wa Tankari kallo daga hula har silifa, ya ce, "Malam, da yaji ka ci, ko haka ka haɗiye shi?"

Mutanen da ke ofis suka kwashe da dariya. Tankari ma ya taya su, to ya zai yi? A siton ofishin yake kwana, tsakanin kwalaye.

Ofishin yana cikin wani dogon bene a kan titin Huanshi Lu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda Abdulbaƙi, Bakano ɗan ƙwalisa, yake haɗa wa 'yan kasuwa kaya a kwantena. Ba son kifi ne ya sa ya sayi tankin ba. Ya lura Sinawa masu masana'anta suna ɗaukar ruwa da kifi a ofis alamar arziki, shi ya sa ya ce a kawo masa wanda ya fi na kowa, na ruwan gishiri irin na teku, da duwatsu masu ramuka, da murjani mai rai. Ashe murjanin nan da mata ke ratayawa a wuya halitta ce, tana buɗewa tana rufewa. Tankari ne ke zuba wa kifayen abinci, shi ke goge gilashi, shi ke dafa shayi.

Kuma fa Tankari ba ƙaramin mutum ba ne a da. Mutumin Maraɗi ne, ya yi shekaru yana sarin yadi a Bankok, lokacin da Abdulbaƙin nan yake bin sa a baya da jaka yana ce masa ranka ya daɗe. Da kasuwar can ta rushe sai ta rushe da shi, ya lallaɓo Guangzhou da fasfo da kaya kala biyu. A gida kuwa, matarsa Salamatou da dangi duk sun san shi abokin jarin Alhaji ne a ƙasar Sin. Wannan sunan shi kaɗai ya rage masa a duniya, kuma yana tattalinsa kamar ƙwai.

Kifi na biyu ya ɓace, na uku ya bi shi, sai jatan lande suka fara ƙarewa. Babu gawa, babu ƙashi. Wasa ya zama suna. Kanawan da ke zuwa ofis suka daina cewa Malam Tankari, sai Ci-Kifi. Har shagon taliyar Musulmin da suke cin abinci labarin ya kai, mai shagon in ya gan shi sai ya nuna baki da yatsa yana dariya, "Meyo, meyo," wai babu kifi yau. Mutum mai furfura a gemu, wallahi abin da ciwo.

Sai ga labari cewa Mahamadou, ƙanin Salamatou, yana tafe baje kolin da ake yi a birnin da kaka, kuma ofis zai fara sauka.

"Madalla," in ji Abdulbaƙi yana ɓare goro. "Sai in ba surukinka labarin kifi ya kai gida."

Tankari ya san Mahamadou, abin da ya ji da safe kafin la'asar ya zaga Maraɗi.

Ranar wata Juma'a, Alhaji ya tafi unguwar Panyu duba kaya, Tankari ya kashe fitilar tankin zai goge murfi, labule kuma a sake. Yana tsaye da tsumma sai ya ga dutse ya motsa. Wani abu kamar igiya ya zuro daga rami, wani ya biyo shi, sannan wani kai mai laushi da idanu biyu irin na akuya ya matso ta hudar da ko babban yatsa ba zai shiga ba. Tankari ya ja da baya yana innalillahi. Abin ya baje ƙafafu har takwas, ya sauya launi daga toka zuwa ja, ya lulluɓe wani jatan lande ya koma raminsa da shi.

Da Alhaji ya dawo, Tankari ya tare shi tun a ƙofa, ya faɗa masa abin da ya gani.

"Ƙafa takwas?" Abdulbaƙi ya dafa bango don dariya. "Jama'a ku zo ku ji, aljani ne ke cin kifin! Ci-Kifi, Allah ya shirye ka."

Aka kunna fitila aka duba, babu komai sai dutse.

Tankari ya nemi shagon da aka sayo tankin, ya zana wa mai kifin abin da yatsa a kan kanta. Mutumin ya gane nan take. Da hannu da ka ya nuna masa cewa a cikin duwatsun teku yake zuwa tun yana ƙarami, ba mai ganinsa. Ya ba shi kwalba mai siririn wuya da ƙaramar ƙaguwa, ya nuna masa ya sa a ruwa ya jira, in abin ya shiga sai a toshe. Tankari ya tambayi tsawon jiran da 'yan kalmomin da ya iya. Mai kifi ya ɗaga kafaɗa.

Ya sa kwalbar. Kullum da safe sai ya tarar da ɓawon ƙaguwa a ciki, tas, mai ƙafa takwas ya ci ya koma. Shi ke nan kuma ya zama har ciyar da ɗan banzan yake yi.

Ranar da baƙi za su iso, Abdulbaƙi ya fesa turare ya tafi filin jirgi da hantsi. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "A dafa shayi mai kauri. Kuma don Allah a rage mana kifi biyu mu nuna wa baƙi."

Tankari ya tsaya shi kaɗai gaban gilashin, zuciyarsa na tafasa. A ƙauyensu, in gafiya ta addabi rumbu ba a zaman jiranta. Ruwa ake tafasawa a ɗura a ramin, mutum ya tsaya da sanda. Duk abin da ke da rami, ruwan zafi na fito da shi, wannan kowane yaro ya sani. Mutumin da ya girma bai ga ruwan da ya wuce na gulbi da rijiya ba, ina zai san cewa na teku wani abu ne daban, ɗan ɗumi kaɗan ko ɗan rashin gishiri yana kashe na cikinsa?

Ya ɗora babbar butar shayi a wuta. Ya ɗauko tiyon da ake sauya ruwa da shi, ya cusa bakinsa cikin ramin, ya sa mazurari a ɗaya bakin. Ya juye buta ta farko. Murjanin da ke kusa ya tsuke, abin bai fito ba. Ya sake ɗorawa. A ta biyu kifayen suka fara haukan zagaye suna dukan gilashi, kuma ya gani, kada wani ya ce bai gani ba. Bai tsaya ba. Ya ci gaba da tafasawa yana ɗurawa, gumi na zuba, har ruwan tankin ya tumbatsa ya jiƙa kafet.

Can sai abin ya faso waje kamar an harbo shi, ya fesa wani baƙin ruwa kamar tawada. Tankari ya zura hannu har kafaɗa ya damƙe shi. Ƙafafun suka nannaɗe masa wuyan hannu suna tsotsa, ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ya maka shi a farantin shayi. Duka-duka bai fi tafin hannu biyu ba. Ya fara jan jiki zai gudu, launinsa na sauyawa, fari, ja, fari.

"Ina za ka? Zo nan, ɓarawo. Ni ka mayar mahaukaci?"

Akwai sauran ruwa a buta. Da ya ga dama da ya juye masa gaba ɗaya a huta, amma sai ya riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan, ƙafa bayan ƙafa, yana kallon kowacce tana murɗewa tana nannaɗewa. Idon nan na kallonsa. Tankari ya ji daɗi, daɗin da rabonsa da shi tun Bankok, ya kira shi da duk sunan da aka kira shi da shi a ofishin nan. Sai da ya gaji sannan ya juye ragowar a kan. Abin ya yi jajir, ya sandare.

Da ya ɗago kai sai ya ga tankin. Ruwan ya yi baƙi-baƙi, kifayen duk sun juya ciki sama suna yawo a bakin ruwa, murjanin yana saɓule wata farar majina. Wani ƙarni ya cika ofishin. Bai ko samu ya sa rigar da ya goge don tarbar baƙi ba, ya ji sallama a ƙofa.

Abdulbaƙi ne a gaba, Mahamadou a bayansa da jaka, da wani abokin tafiyarsa Isufu. Mahamadou ya buɗe baki zai gaida mijin yayarsa, ya gan shi da singileti jiƙe sharkaf da faranti a hannu, gaisuwar ta maƙale.

"Alhaji, ga shi," in ji Tankari, yana miƙa farantin da hannu biyu. "Ga mai cin kifin. Ka gani da idonka, ba ni ba ne."

Abdulbaƙi ya daɗe yana kallon tankinsa. Da ya yi magana muryarsa a sanyaye take, kuma gara a ce ihu ya yi.

"Wannan? Ai na san da shi. Tun watan jiya na gan shi da idona, mai kifi ma ya ce in na shirya zai zo ya kwashe duwatsun ya cire shi. Ni na ce a bari tukuna. Kifi ɗaya jefi-jefi, ai dariyar da muke sha ta fi shi." Ya juya ga baƙi. "Mahamadou, ka ga surukin naka ko? Shi ke dafa mana shayi. Ga siton da yake kwana can. Don Allah na riƙe shi, ka ga sakayyar."

Abdulbaƙi ya jawo kujera ya zauna, ya harɗe ƙafa.

"To, tunda ka dafa, sai ka ci. Malamanmu sun ce duk abin da ya fito daga teku halal ne, ko ba haka ba, Isufu?"

"Haka ne, patron," in ji Isufu yana danne dariya.

"Alhaji, ka dubi girman Allah," in ji Tankari. "Gaban surukina ne."

"Takardarka ta zama da sunan ofishina take. Ko ka ci, ko ka kwashi tabarmarka yanzu ka je ka yi wa 'yan sanda bayani."

Tankari ya dubi Mahamadou, ko zai ce a bari. Mahamadou yana kallon kafet. Sai Tankari ya tsuguna a gaban kujerar, ya ajiye farantin a ƙasa, ya ciro ƙafa ɗaya. Ko bisimilla ya kasa yi. Naman kamar roba, ga gishiri, ga 'yan ƙurajen nan suna kama masa harshe. Ya tauna, ya tauna, ya ƙi taunuwa, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. Isufu ya kasa daurewa, ya fita baranda yana ƙyaƙyatawa.

"Saura bakwai," in ji Abdulbaƙi.

Mahamadou ya gyara murya. Tankari ya ɗago da sauri, baki cike, yana jiran ya ji an ce Yaya tashi haka nan. Mahamadou ya tura masa jakarsa da ƙafa.

"Tankari, in ka gama, ka kai mini jakar nan masauki."