Ƙarar Tarago na Uku

Shekara goma sha tara Baba Makanike ya yi yana kula da jirgin wasan da ake kira Kububuwa, wanda yake hawa layin dogo har can ƙololuwa da mutum ashirin da huɗu, ya yi jim, sannan ya sulalo da su suna kururuwa. Kowace safiya, kafin a buɗe ƙofar wurin shaƙatawar, shi ne yake sa hannu a takarda cewa jirgin lafiyarsa ƙalau.

Wata Talata ya ƙi sa hannu. An saki jirgin ba kowa a ciki don gwaji, sai ya ji wata siririyar ƙara daga tayoyin tarago na uku, daidai lokacin da yake shan kwanar ƙarshe.

"Wace ƙara kuma?" in ji manaja. "Ni ban ji komai ba."

"Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu in kwance tayoyin in duba."

"Kwana biyu, ana hutun makaranta? Baba, kunnen nan naka da sai na kira ka sau uku kafin ka waiwayo, shi ne yau ya fi na kowa?"

Ma'aikata suka bushe da dariya. Kafin rana ta take an ɗauko wani injiniya daga waje, ya zagaya da na'urarsa, ya sa hannu. Ba a kori Baba ba. Gwangwanin fenti aka miƙa masa, aka ce ya je ya gyara dawakan katako da ƙananan yara suke hawa.

Mako ya wuce, wata ya wuce, Kububuwa tana ta hawa da sauka. Mai sayar da tikiti ba ta wuce shi ba tare da tsokana ba: "Baba mai dawaki, yau aljanun tarago ba su yi maka raɗa ba?" A gida kuma matarsa ta gaji da ganin fenti a rigunansa.

"Malam, ka je ka ce wa manaja kuskure ka yi, ya mayar da kai aikinka."

"Ban yi kuskure ba."

"To me ya faru da jirgin?"

Tambayar nan ta zauna masa a ƙirji. Yana fenti, amma idonsa yana kan kwanar ƙarshe, yana kuma gaya wa kansa tausayin bayin Allah ne ya hana shi ɗauke kai.

Ran wata Asabar, wuri ya cika maƙil, sai wata mata ta ƙwalla ihu da ya bambanta da sauran, wani abu ya faɗo daga tarago na uku. Baba ya yar da burushi ya sheƙa a guje. Yana cikin gudun ya gane abin da ya cika masa zuciya, kuma ba tsoro ba ne. Murna ce, mai daɗi, mai sanyi. Har bakinsa ya riga ya shirya cewa, "Ban faɗa muku ba?"

Takalmi ne ya faɗo. Jirgin ya tsaya lafiya, matar ta sauko tana ɗingishi tana dariya, 'yan matanta biyu suna riƙe da ita. Ya miƙa mata takalmin.

"Allah ya saka da alheri, Baba. Irin wannan gudu, sai ka ce 'yarka ce ta faɗo!"

Ya kasa cewa amin.

"Umma, mu sake!" in ji ƙaramar, tana jan hannunta.

Ya buɗe baki zai ce kada su hau, sai ya rasa wanda zai yi maganar a cikinsa: makaniken da ya ji ƙara, ko mutumin da ya yi gudun nan ɗazu. Yana nan tsaye yana wannan tunani har suka shiga layi, aka zaunar da su, aka danne musu ƙarfe a cinya.