Giyabos ɗin Motar Delbert

Ina cikin shanya a bayan gida waya ta yi ƙara. Hoyt ne, bakaniken da akori-kurar mijina ke garejinsa tun farkon wata.

"Verna, a zaune kike ko a tsaye?"

"In maganar giyabos ce, ka ce wa Delbert ya zaɓi ɗaya ya dawo gida. Na gaji."

Ina jin ƙarar wani inji a bayansa, sai wani ya kashe shi. A nan na gane.

A kujerar baƙi ta garejin Delbert ya faɗi, kofi na hannunsa. Kafin motar asibiti ta iso ya cika.

Abin da ya kai shi can ba wani abu ba ne. Giyabos ɗin motar ya lalace, Hoyt ya sauke shi ya ce hanya biyu ce. Ko ya farke shi da hannunsa, ya canza abin da ya cinye ya mayar, da garantin shekara guda. Ko a yi odar wanda kamfani ya sabunta gaba ɗayansa, mai tsada, da garantin shekara uku. Mace za ta zaɓa kafin ruwan zafi ya tafasa. Delbert kuwa ya tambayi mai aski, ya tambayi fasto, ya tambayi mai kawo mana gas, har ya kira wani abokinsa na soja a Texas. Ni kaɗai ce bai tambaya ba. Kullum sai ƙaninsa Orval ya zo ya ɗauke shi su tafi gareji, su tsaya kan ƙarfen nan suna kaɗa kai kamar masu dubiya.

Bayan an binne shi aka yi cin abinci a ɗakin taron coci. Mata sun kawo soyayyar kaza da dankali da cuku. Ina zaune da baƙar riga ina jin mazan a bayana. Ba Delbert suke tunawa ba, giyabos suke yi wa gardama, baki cike da kaza.

Da yamma 'yata Charlene ta riƙe hannuna. "Mama, mun gyara miki ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanmu. Royce har ya sa sabon labule."

Royce mijinta ne, dillalin inshora, mutumin da ke murmushi ko a makabarta. Na san ɗakin, tagarsa guda ce kuma tayoyin motoci take kallo.

"Ina da gida," na ce.

"Ba ki da mota, Mama. Wa zai riƙa kai ki kanti? Wa zai kai ki karɓar magani?"

Ta yi gaskiya, shi ya sa na ji haushi. A yankinmu na Missouri bas ba ta biyowa. Daga gidana zuwa kanti mafi kusa, mai ƙafa sai ya wuni. In babu mota, babu zama.

Mako na zagayowa Hoyt ya kira, yana ba da haƙuri, wai motar ta tsare masa wuri. Royce ya kai ni. Muka tarar Orval ya riga mu, ya jingina da motar kamar an riga an ba shi.

"Matar yaya, kar ki wahalar da kanki," in ji shi. "Marigayi ya gaya mini bakinsa da kunnena, motar ta gama aiki. Bar mini ita a haka, in rage miki nauyi."

"Kai ne nauyin, Orval. Ɗaga mini daga jikin mota."

Royce ya yi dariyar da yake yi wa masu sayen inshora. "Ni ma Baba ya kira ni, Mama. Gyaran hannu ya zaɓa, mai sauƙin nan. A gyara ta tashi, mu sa ta kasuwa."

Mutumin da ya kasa zaɓa yana da rai, ga shi ya zaɓa har sau biyu yana kabari.

Na juya wajen Hoyt. "Kai da yake wurinka, me ya ce?"

Hoyt ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Cewa ya yi bari ya je ya tambayi Verna."

Ƙarya yake yi, na sani. Delbert bai taɓa tambayata komai a kan mota ba, ko launinta. Amma ƙaryar Hoyt ta fi tasu amfani, sai na karɓa.

"To, ga Verna ta zo. In motarka ce wanne za ka sa?"

"Aikina ba ya ba ni kunya," in ji shi. "Amma abin da na ga ya cinye kaɗai zan canza. Na kamfani komai sabo ne a ciki, kuma an gwada shi kafin ya fito. In za a sayar, nawa ya isa. In za a hau shekara da shekaru, na kamfani."

"Mama," in ji Royce, a hankali, kamar mai lallashin yaro, "garantin shekara uku fa. A shekarunki me za ki yi da shekara uku?"

Orval ma ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Royce ya buɗe baki zai gyara, na ɗaga masa hannu.

"Babu mai shekara biyar?" na tambayi Hoyt.

"Uku ne ƙarshe."

"Sa mini shi."

"Da abu ɗaya, Verna. Kamfanin ba ya bayarwa sai an mayar masa da tsohon. Ka'ida ce. Za su farke shi su sabunta, su sa wa wani. Ba zai dawo ba."

Ban san da wannan ba. Na dubi ƙarfen a kan benci, baƙi ƙirin, jan mai na ɗiga daga gindinsa. Shi ya kai mu asibiti ranar da aka haifi jikanmu na fari. Shi ya ja tirelar shanu har muka sayar da saniyar ƙarshe. Royce ya ga na tsaya, ya matso.

"Kin gani, Mama? Ai gara a bar na Baba a cikin motar Baba."

Motar da yake shirin sayar wa baƙo! Na ce wa Hoyt ya kira kamfanin a gabana.

Ranar da sabon ya iso na je na tsaya. Suka sa tsohon a cikin baƙin akwatin robar da sabon ya zo a ciki, suka ɗaure, direban kamfanin ya tura shi cikin mota tsakanin wasu akwatuna irinsa. Ban yi kuka a makabarta ba, mutane sun yi ta magana. A bakin garejin Hoyt na yi shi, har ya rasa inda zai sa idonsa, ya koma ƙarƙashin wata motar da babu abin da ya same ta.

Charlene ta yi fushi na ɗan lokaci. Yanzu a ɗakin ƙasan Royce ke ajiye keken motsa jikin da ba ya hawa. Orval kuwa, in motarsa ta ƙi tashi, ni yake kira.

Sabon giyabos ba shi da laifi ko ɗaya. Kana sa ribas yake kamawa. Tsohon sai ya yi jinkiri da sanyin safiya, Delbert ya taka birki ya kurɓi kofinsa, sannan a ji ƙum, motar ta girgiza, ya ce, "Yanzu ta farka."

Kullum da safe nakan fita, ko babu abin saye. In na sa ribas ba na sakin birki nan take. Nakan ɗan zauna, in kurɓi kofi, sannan in ja.