Littafi Mai Koren Bango

Likita Yadira ce ta kawo maganar littafin. Ta ce kwamitin da zai duba mijina likitoci uku ne daga Cartagena, ba su taɓa ganinsa ba, kuma cikin minti ashirin za su yanke ko ya cancanci fanshon naƙasa. Wasiƙarta kaɗai ba lallai ta isa ba.

"Doña Nohemí, ke kike tare da shi safe da yamma," in ji ta. "Ki riƙa rubuta yadda yake wuni, har wata uku."

Na sayi littafin 'yan makaranta mai koren bango, na fara.

Mijina Eulogio direban kwalekwale mai inji ne, daga Magangué zuwa ƙauyukan bakin kogi. A da surutu gare shi kamar rediyon kasuwa, fasinja ko ba ya so sai ya yi dariya. Shekarun yaƙi da kogi ya riƙa kawo gawarwaki yana cikin masu tsamowa, daga nan ya fara yin shiru kaɗan kaɗan. Yau shekara tara bai hau ruwa ba. Ni ke soya ƙosan masara a bakin tashar kwalekwale muna ci, gwiwoyina kuma sun fara cewa ba da su ba. Allah ya sani kewar mutumin nan nake yi, alhali kullum yana zaune a gabana.

Da wata ukun suka cika na kai wa likita littafin, har da ɗan alfaharina. Ta buɗe tana karantawa a fili.

"Talata, ya ce kofi ya yi ruwa. Asabar, ya ji ƙarar inji daga tasha ya ce na abokin aikinsa Wilfrido ne, har yanzu bai canza filogi ba. Lahadi, ya cinye kifi da rogo, ya nemi ƙari, ya kira ni kada mai jan baki." Ta cire tabarau ta dube ni. "Kwana sha huɗu ke nan. Ina sauran?"

"Sauran babu abin rubutawa a cikinsu."

"Su nake nema. Wannan mutumin na cikin littafin, gobe ma sai su ce ya koma aiki."

Raina ya ɓaci, ni kuwa ba na iya ɓoyewa. Na ce, "Likita, so kike in tona wa mijina asiri a gaban baƙi? Ni fa ba 'yar sanda ba ce."

"Shekara shida nake duba shi," ta ce a hankali. "Ni ma da zan samu in ga mai surutun nan ko sau ɗaya ne. Amma in suka karanta wannan za su hana shi, kuma ke za ki ci gaba da tsayuwa a gaban kasko har ki faɗi. Ki rubuta abin da kika gani, ba ƙari ba ragi. Saura mako biyu."

Na sayi wani littafin, baƙin bango. Ashe ban manta komai ba, ajiyewa na yi. Na rubuta kwana biyar da ya yi bai yi wanka ba. Na rubuta ranar bikin Candelaria da yara suka harba abin wasan wuta, na same shi a ƙarƙashin gado ya jiƙa wandonsa. Na rubuta ranar da jikarmu ta hau cinyarsa ya ce a ɗauke ta, hannunsa yana warin kogi. Na rubuta cewa igiyar ragar da yake kwanciya a kai ba ɓata ta yi ba, ni na kai ta gidan maƙwabta, tare da maganin ɓera. Kowane shafi ji nake kamar na ci amanarsa.

Ranar kwamiti ya tashi da kansa ya yi aski, ya sa farar rigarsa mai aljihu huɗu. Ya yi kyau har na ji haushi. Suka tambaye shi yaya jiki, ya ce lafiya ƙalau, an gode Allah. Sai babbansu ya buɗe wasiƙar likita, ya buɗe baƙin littafin, ya fara karantawa da ƙarfi don ya tabbatar daga bakina. Ba wanda ya gaya mini a gabansa za a karanta. Eulogio ya kafa wa fankar sama ido har aka zo kan igiya. Na ce eh, haka ne, ni na rubuta.

An ba shi fanshon bayan wata biyu, kuma na gode wa likita har gida. Amma ranar da muka fito ban san za a ba shi ba, abin da na sani kawai shi ne mijina ya ji komai.

Bai bi hanyar gida ba. Ya gangara tasha ya zauna a kan dakali yana kallon kwalekwale suna lodi, na zauna a gefensa da nisa kaɗan.

"Ban san ke kika ɗauke igiyar ba," ya ce.

"Ni ce."

"Haka nake ke nan, Nohemí? Da wannan kike zaune?"

Na buɗe jaka na ciro mai koren bangon, don tun da likita ta mayar mini da shi ban raba shi da jikina ba. Ya karanta a hankali, yatsansa yana bin layi. Ya juya shafi ya ga fari, ya sake juyawa ya ga fari.

"Sha huɗu kawai?"

"Su na samu, tsoho."

Wani inji ya tashi a ƙasa yana tari, hayaƙi ya turnuƙe.

"Kofin nan fa da gaske ya yi ruwa," ya ce. "Shekara talatin da ɗaya, kada mai jan baki, har yanzu ba ki iya ba."

Na karɓe littafin daga hannunsa, na ari biro wajen mai sayar da tikiti, na rubuta kwanan wata a sabon layi.